Kwamfuta cikin kwamfuta: Me ke hana gadar sadarwa aiki, yaya kuma ake gyara ta?

A unguwar Narayi da ke kudancin Kogin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kamar dai a Barnawa da Sabon Tasha da ke kusa da ita, ƙananan cibiyoyin koyar da kwamfuta da shagunan intanet sun daɗe da zama wuraren da matasa ke yawan zuwa.

A irin waɗannan wurare ne ɗalibai ke gwajin jarrabawar shiga jami'a, wadda hukumar JAMB ta fara gudanarwa da kwamfuta a shekarar 2013, kafin ta mayar da ita kacokan kan kwamfuta a 2015.

A nan ne kuma masu koyon aikin haɗa hanyoyin sadarwa da tsaron intanet ke gwada abin da suka karanta, ko ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne, ko na Jami'ar Jihar Kaduna, ko kuma waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa aikin fasahar zamani.

Da yake ba kowa ke da halin sayen kwamfuta biyu ko uku ba, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirƙiri wata kwamfutar a cikin wadda ake da ita.

To sai dai a nan ne mutane da dama ke cin karo da matsala guda: sabuwar kwamfutar ta tashi lafiya lau, amma sauran kwamfutocin da ke ɗakin ba sa ganin ta, ko kuma ita ta kasa shiga intanet da zarar an ɗora ta kan tsarin da ake kira gada.

Ga mai cibiyar da ya ajiye manhajar gwajin jarrabawa a cikin irin wannan kwamfuta, hakan na nufin ɗalibai su zauna jugum yayin da janareto ke shan mai. Ga ɗalibi kuwa, yana nufin ɓata kwanaki da kuɗin data wajen sake sauko da manhajar da tun farko babu abin da ya same ta.

Dalilan da ke haddasa wannan matsala ba su da yawa, kuma ana iya gano su idan aka bi su daki-daki.

Baƙuwa da mai masauki

Dabarar raba kwamfuta ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa ta girmi intanet ɗin da aka sani a yau. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara ta a shekarun 1960 a kan manyan injunansa, ya kuma fitar da tsarin VM/370 a 1972.

Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ne ya kawo dabarar ga kwamfutocin tebur a 1999. A watan Janairun 2007 wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya saki VirtualBox kyauta. Kamfanin Sun ya sayi Innotek a 2008, sannan Oracle ya sayi Sun a 2010.

Microsoft ya fito da nasa mai suna Hyper-V a 2008, yayin da masu amfani da Linux suka samu KVM tun 2007. A shekarar 2024 kuma aka mayar da VMware Workstation Pro kyauta, bayan da kamfanin Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023.

A duk waɗannan manhajoji tsarin iri ɗaya ne. Kwamfutar gaske, wadda ake iya taɓawa, ita ce mai masauki. Wadda aka ƙirƙira a cikinta kuwa ita ce baƙuwa.

Baƙuwar tana da nata tsarin aiki, ko Windows ko Linux, tana da nata ma'ajin bayanai, tana kuma da nata katin sadarwa. Sai dai katin nata na manhaja ne kawai. Duk saƙon da za ta aika waje, dole ya bi ta katin gaske na mai masauki, ko ta kebul ko ta Wi-Fi.

Yadda aka tsara wannan wucewa shi ne tushen maganar baki ɗaya.

Hanyoyi uku

Akwai manyan hanyoyi uku da ake haɗa baƙuwa da duniyar waje.

Ta farko ita ce NAT, wadda VirtualBox ke zaɓa da kansa idan mutum bai sauya komai ba. A wannan tsari baƙuwar tamkar baƙo ce da aka sauke a ɗakin cikin gida. Duk aiken da zai yi, da sunan maigida yake fita, amsa ma ta hannun maigida take dawowa. Mutanen unguwa ba su san da zamansa ba, saboda haka babu mai yin sallama da shi kai tsaye.

Wannan ne dalilin da ya sa baƙuwar da ke kan NAT ke shiga intanet ba tare da wata wahala ba, amma sauran kwamfutocin ɗakin ba sa iya isa gare ta.

Ta biyu ita ce wadda manhajojin ke rubutawa da sunan "Host-only". A nan baƙuwa da mai masauki ne kaɗai ke magana da juna, ba ruwansu da waje. VirtualBox kan ba wannan hanya lambobin da suka fara da 192.168.56.

Ta uku ita ce gada, wadda VirtualBox ke kira "Bridged Adapter", VMware ke ɗorawa a kan VMnet0, Hyper-V kuma ke kira "External". A wannan tsari an fasa wa ɗakin baƙo ƙofa ta bakin titi, an kuma ba shi lambar gida tasa. Kowa a unguwa na iya zuwa wurinsa, shi ma yana fita da sunansa.

Duk wanda ke son baƙuwarsa ta zama uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, gada yake buƙata.

Lambobi biyu

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lamba iri biyu.

Ta farko ita ce lambar MAC, mai haruffa da alƙaluma 12, wadda ke liƙe da katin sadarwa tamkar lambar inji a jikin babur. Rabin farko na lambar yana nuna kamfanin da ya yi katin. Katunan da VirtualBox ke ƙirƙira suna farawa da 08:00:27, na VMware da 00:0C:29 ko 00:50:56, na Hyper-V kuma da 00:15:5D.

Ta biyu ita ce lambar IP, wato adireshin na'ura a kan hanyar. Galibi rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida ko ofis, ita ke bayar da wannan lamba aro na wani lokaci, ta wani tsari da ake kira DHCP wanda ya samo asali a 1993.

Aikin gada shi ne ta sa katin gaske guda ɗaya ya riƙa ɗaukar saƙonnin na'urori biyu masu lambobi daban-daban. Idan komai ya tafi daidai, rauta za ta ga baƙuwar a matsayin sabuwar kwamfuta da aka shigo da ita ɗakin, ta ba ta adireshi kamar kowa.

Matakin farko: a karanta adireshin

Kafin a taɓa komai, ya kamata a fara duba adireshin da baƙuwar ta samu. A Windows ana rubuta umarnin ipconfig, a Linux kuma ip addr. Daga nan sai a yi haka a kan mai masauki, a kwatanta.

Alal misali, idan mai masauki yana da 192.168.8.100, to a yawancin ƙananan cibiyoyi baƙuwar ma dole ta fara da 192.168.8, ta bambanta a lambar ƙarshe kawai.

Idan aka ga 10.0.2.15, to baƙuwar na nan kan NAT na VirtualBox, ko dai ba a sauya tsarin ba, ko kuma an sauya amma ba ta nemi sabon adireshi ba. A Windows ana rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ko kuma a kashe baƙuwar a sake kunna ta. Masu KVM kan ga lambar da ta fara da 192.168.122 a irin wannan yanayi.

Idan kuwa adireshin ya fara da 169.254, wannan alama ce cewa baƙuwar ta yi kira tana neman adireshi, babu wanda ya amsa, sai ta raɗa wa kanta. Ke nan ko dai kiran bai fita daga cikin mai masauki ba, ko ya fita amma rauta ta yi watsi da shi.

Wannan dubawa ta minti ɗaya ita ke nuna ɓangaren da ya kamata a nufa.

Gadar da aka ɗora a inda babu hanya

Dalilin da aka fi samu shi ne ɗora gada a kan katin da ba shi ke aiki ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da katin kebul da katin Wi-Fi. Ban da su, manhajojin VPN, da Hyper-V, da Bluetooth duk suna ƙara nasu katunan na manhaja a jerin.

A VirtualBox, bayan an zaɓi gada, akwai wani gurbi a ƙasa da ke neman sunan katin. Idan mutum yana amfani da Wi-Fi amma gurbin yana nuna katin kebul, alhali babu kebul a jiki, to gadar ba ta kai ko'ina ba.

Haka kan faru ga wanda ya tsara baƙuwarsa a cibiya inda ake amfani da kebul, sannan ya koma gida ya hau Wi-Fi. Manhajar ba ta sauya katin da kanta.

VMware kuwa yakan zaɓi katin ne da kansa, kuma wani lokaci yakan faɗa kan wanda ba shi ba. Gyaran shi ne a buɗe "Virtual Network Editor", a cire VMnet0 daga zaɓin kai-tsaye, a nuna masa ainihin katin da ke ɗauke da intanet.

Akwai kuma wani ɗan akwati a VirtualBox da aka rubuta "Cable Connected". Idan babu alama a cikinsa, baƙuwar za ta ɗauka an zare mata kebul.

Direban gada

Idan gurbin sunan katin ya fito fayau babu komai, to matsalar ta direba ce.

A lokacin da ake saka VirtualBox a Windows, yana liƙa wata ƙaramar manhaja a jikin kowane katin sadarwa, mai suna "VirtualBox NDIS6 Bridged Networking Driver". Ta VMware kuma sunanta "VMware Bridge Protocol". Ita ce ke tsame saƙonnin baƙuwa daga cikin na mai masauki.

Babban sabuntawar Windows, ko sauya direban katin, ko wata manhajar riga-kafin ƙwayar cuta na iya cire wannan alaƙa. Ana dubawa ne a cikin bayanan katin, a tabbatar sunan yana nan kuma da alama a gefensa.

Idan babu shi, sai a sake gudanar da manhajar sakawa da ikon mai kula da kwamfuta, a zaɓi gyara, sannan a kashe kwamfutar a kunna. Wannan ba ya goge baƙin da aka riga aka ƙirƙira, kuma ba ya buƙatar sake sauko da komai idan an adana fayil ɗin.

Ita ma baƙuwar tana buƙatar direban katin da aka ba ta. Idan aka zaɓa mata nau'in virtio-net alhali Windows ce, ba za ta ga katin ba sai an saka mata direba daban. Nau'in Intel PRO/1000 ne yawancin tsare-tsaren aiki ke ganewa ba tare da ƙarin komai ba.

Dalilin da ya sa Wi-Fi ke gardama

Gada ta fi jituwa da kebul, kuma akwai dalili.

Tsarin Ethernet da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1973 ba ya damuwa da yawan lambobin MAC da ke fitowa daga kebul guda. Shi kuwa tsarin Wi-Fi, wanda aka amince da ƙa'idarsa ta farko a 1997, yana buƙatar kowace na'ura ta gabatar da kanta ga rauta kafin a saurare ta. Saƙon da ya zo da lambar da ba a yi wa rajista ba, zubar da shi ake yi.

Don kauce wa wannan, VirtualBox yakan cire lambar MAC ta baƙuwa daga saƙo ya maye gurbinta da ta mai masauki, idan amsa ta dawo kuma ya duba adireshin IP ya gane mai ita.

Dabarar na aiki a wurare da yawa. Amma wasu rautoci kan rikice idan suka ga lambar MAC guda tana neman adireshi biyu, sai su ƙi bayar da na biyun, ko su maimaita na farkon.

A Linux ma, ba a iya saka katin Wi-Fi kai tsaye cikin gada irin wadda KVM ke amfani da ita, sai da wani tsari na musamman da dole rauta ita ma ta amince da shi.

Gwaji mafi sauri shi ne a jona kebul daga kwamfuta zuwa rauta, a mayar da gadar kan katin kebul. Idan ta yi aiki nan take, to an gano mai laifi. Cibiyar da ke son uwar garke mai ɗorewa ya kamata ta ɗora mai masaukin a kan kebul, ko da sauran kwamfutocin za su ci gaba da amfani da Wi-Fi.

MiFi, modem da wayar salula

Tun bayan da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, yawancin masu shiga intanet a ƙasar ta layukan kamfanonin waya suke shiga. Wannan ya sa a gidaje da ƙananan shaguna, abin da ke matsayin rauta sau da yawa ƙaramar MiFi ce ko wayar hannu da ke raba data.

Kowace daga cikinsu na da nata iyaka.

Na'urorin MiFi suna da adadin na'urorin da suke ɗauka a lokaci guda, da yawansu goma ne. Idan gurbi ya cika, babu abin da zai rage wa baƙuwa. Ana iya duba jerin waɗanda ke kai ta shafin kula da na'urar, wanda a samfurin Huawei galibi yake 192.168.8.1.

Tsofaffin modem na USB, irin waɗanda ake danna maɓalli a manhajarsu kafin su haɗu, suna aiki ne kamar kiran waya tsakanin na'ura ɗaya da kamfani. Adireshi ɗaya tak ake bayarwa, don haka babu inda za a ɗora gada. Ga mai irin wannan modem, NAT ce mafita.

Wayar hannu kuwa takan bayar da adireshi fiye da ɗaya, amma tana fama da matsalar Wi-Fi da aka ambata. Sababbin wayoyin Android kuma kan sauya jerin lambobin da suke bayarwa, ta yadda adireshin da aka rubuta wa baƙuwa da hannu jiya zai iya zama marar amfani yau.

Har ila yau, yana da kyau a san cewa gada na bayyana baƙuwa ne ga na'urorin da ke kan rauta ɗaya kawai. Wanda ke Kawo ko Zariya ba zai iya isa ga uwar garken da ke Narayi don kawai an ɗora ta kan gada ba, domin kamfanonin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshin waje guda.

Tagwayen lamba

A cibiyoyin koyarwa, malami kan tsara baƙuwa guda, sannan a kwafe ta a filas a rarraba wa ɗalibai domin a rage kashe data.

Idan ba a sauya lambar MAC ba, duk kwafin za su fito da lamba ɗaya. A kan NAT babu wanda zai lura, tun da kowacce na ɓoye a bayan mai masaukinta. Amma da zarar an ɗora su kan gada, sai saƙon wannan ya riƙa faɗawa hannun waccan.

Alamar wannan matsala ita ce haɗin da ke zuwa yana yankewa, ko wanda ke aiki sai lokacin da wani ɗalibi ya kunna tasa.

A VirtualBox akwai ɗan maɓalli a gefen lambar MAC da ke samar da sabuwa. VMware kuma kan tambayi mutum ko ya matsar da baƙuwar ne ko ya kwafe ta, kuma idan ya ce kwafa ya yi, zai ba ta sabuwar lamba.

Masu Ubuntu na uwar garke suna da ƙarin aiki. Tsarin yana neman adireshi ne da wata lambar shaida da ke cikin fayil ɗin /etc/machine-id, saboda haka kwafi biyu na iya samun adireshi ɗaya ko da lambobin MAC ɗinsu sun bambanta, sai an sabunta wannan fayil.

Idan aka ɗauke wuta

Yanayin wutar lantarki shi ma yana da hannu a lamarin. A watan Oktoban 2024 jihohin arewacin Najeriya da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta, amma ko a ranakun da babu irin wannan, sauyawa daga wutar gari zuwa janareto abu ne na yau da kullum.

Duk lokacin da rauta ta mutu ta sake tashi, wasu samfuran kan manta wanda suka ba wace lamba. Uwar garken da da safe take 192.168.8.105 za ta iya komawa 192.168.8.102 da rana, kwamfutocin ɗalibai kuma su ci gaba da neman ta a tsohon wuri.

Haka kuma idan kwamfutoci suka riga rauta tashi, za su nemi adireshi ba su samu ba, su ƙare da 169.254.

Maganin shi ne a ba uwar garke adireshi na dindindin. Ana iya yin haka a cikin rauta, ta hanyar ɗaure lambar MAC ɗin baƙuwar da wani adireshi, ko kuma a rubuta shi da hannu a cikin baƙuwar. Wanda ya zaɓi rubutawa da hannu sai ya ɗauki lambar da ke wajen jerin da rauta ke rabawa, ya kuma cike gurbin ƙofar fita da na DNS daidai. Ƙaramin batirin ajiyar wuta ga rauta kaɗai yana rage yawan wannan rikici.

Akwai adireshi, amma babu amsa

Idan adireshin ya yi daidai amma har yanzu babu haɗi, sai a koma ga umarnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya jira amsa. Ana bin sa ne hawa-hawa.

Da farko baƙuwa ta gwada rauta. Idan ta amsa, gadar lafiyarta lau.

Sannan ta gwada wani adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 na Google. Idan rauta ta amsa amma wannan bai amsa ba, ko dai an rubuta ƙofar fita ba daidai ba, ko data ta ƙare, ko layin kamfani ne ya faɗi.

Idan 8.8.8.8 ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba.

Daga ƙarshe wata kwamfutar ɗakin ta gwada baƙuwar. A nan ne mutane da dama ke ruɗewa, domin katangar tsaro ta Windows ba ta amsa ping daga waje sai an ba ta izini. Shirun da aka ji ba hujja ba ce cewa gadar ta karye.

Windows kan ɗauki sabuwar hanyar sadarwa a matsayin ta jama'a, ya rufe yawancin ƙofofi. Sai a mayar da ita ta gida, a kuma buɗe ƙofar da manhajar ke buƙata kaɗai, kamar ta 80 ga shafin yanar gizo. Kashe katangar baki ɗaya na iya zama gwaji na ɗan lokaci, amma bai dace a bar ta a kashe ba.

Wasu rautoci kuma suna da tsarin da ke hana na'urorin Wi-Fi ganin juna, musamman a layin da aka ware wa baƙi. Kowa zai shiga intanet, amma babu mai ganin maƙwabcinsa.

Inda aka hana da gangan

A manyan makarantu, bankuna da ma'aikatu, rashin aikin gada na iya kasancewa tsari ne da aka yi da niyya.

Masu kula da hanyar sadarwa kan saita kowace kafar kebul ta karɓi lambar MAC guda. Idan ta biyu ta ɓullo, kafar na iya rufewa gaba ɗaya, har mai masaukin ma ya rasa haɗi. Otal-otal da wuraren da ake shiga intanet da suna da kalmar sirri su ma kan ƙi sabuwar na'urar da ba su sani ba.

A irin wannan wuri abin yi shi ne a nemi izinin mai kula da tsarin.

Idan gada ta ƙi

Ba kowane aiki ne ke buƙatar gada ba.

Wanda ke son sauran kwamfutoci su isa ga manhaja guda a cikin baƙuwa na iya barin ta kan NAT, ya yi amfani da tura ƙofa. Alal misali, a ce duk saƙon da ya zo ƙofa ta 8080 ta mai masauki a miƙa shi ga ƙofa ta 80 ta baƙuwa. Ɗalibai sai su rubuta adireshin mai masauki su ƙara :8080 a ƙarshe. Wannan na aiki ko a kan Wi-Fi, muddin katangar mai masaukin ta bar ƙofar a buɗe.

Wanda kuma ke son intanet tare da magana da baƙuwarsa daga kan kwamfutarsa kawai, sai ya ba ta kati biyu, ɗaya kan NAT, ɗaya kan "Host-only".

Ƙofar da aka buɗe

Gada na da haɗarinta. Baƙuwar da kowa ke gani, kowa na iya kai mata hari.

Mutane da dama na ajiye Windows XP ko Windows 7 a cikin baƙuwa saboda wata tsohuwar manhajar lissafi ko ta buga takardu. Microsoft ya daina gyara ɓarakar XP a 2014, na Windows 7 kuma a 2020. Ƙwayar WannaCry da ta afka wa kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017 ta yaɗu ne daga kwamfuta zuwa maƙwabciyarta ta ƙofa ta 445, ba tare da kowa ya danna komai ba.

Masu koyon tsaron intanet kuma suna amfani da Metasploitable, wata baƙuwa da aka cika ta da ɓaraka da gangan domin gwaji. Ɗora irin wannan kan gada a shagon da jama'a ke shiga daidai yake da barin ƙofar gida a buɗe a kwana. Wurinta shi ne hanyar da aka killace.

Haka nan wanda ya ɗora Kali Linux kan gada ya fara binciken na'urori, ya sani cewa wayoyi da kwamfutocin mutane na gaske yake taɓawa. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba.

Saboda haka kafin a fara neman dalilin da ya hana gada aiki, ya kamata a tantance ko aikin na buƙatar ta. Idan yana buƙata, sai a karanta adireshi, a duba kati da direba, a gwada kebul, a sabunta lambar MAC, sannan a waiwayi katangar tsaro, ana sauya abu ɗaya a lokaci guda domin a san wanda ya kawo gyaran.